Gishiri da Sukari a Watan Azumi

Tun rasuwar babanku nake jin wata magana tana yawo a cikin dangi, kuma na lura har ku kun fara ɗaukarta. Wai Malam mutumin kirki ne, amma ba shi da zuciyar nema. Wai a shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, lokacin da har mai faskare ya wayi gari ɗan kwangila, shi ya zauna yana shaƙar ƙurar alli don ya fi son kwanciyar hankali. Masu faɗin haka ba da mugunta suke faɗa ba, har addu'a suke bin maganar da ita. Sai dai ni ina wurin, su kuwa wasunsu ko haihuwarsu ba a yi ba. Don haka zan ba ku labarin azumin da abin ya faru, yadda na gan shi daga bakin murhu da kuma bayan ƙofar zaure.

A lokacin muna zaune a gidan gado na Ƙofar Marusa. Inna, kakarku, tana ɗakin tsakiya. Wan babanku, wanda kuke kira Baba Alhaji, yana sashen gabas da matarsa Yaya Rabi, mu kuma muna ɗan sashen da ke kusa da rijiya. Tukunyarmu ɗaya, ni da Yaya Rabi muna karɓa-karɓar girki, su kuma mazan su ci a zaure cikin akushi ɗaya. Mahaifinsu ya rasu Malam yana ƙarami, Alhaji ne ya riƙe shi. Shi yake ɗaukarsa a keke ya sauke shi a ƙofar makaranta, sannan ya wuce rumfarsa ta hatsi a Babbar Kasuwa. Har Malam ya yi gemu ban taɓa ganin ya zauna a kujera Alhaji yana tsaye ba, ban kuma taɓa jin ya ce masa a'a ba, ko a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da arzikin mai ya buɗe, Alhaji ya bar hatsi ya koma siminti da kwanon rufi da kwangilar gine-gine. Allah ya sa masa albarka. Mota Fijo ta zo ƙofar gida, firji ya shigo tsakar gida tun kafin wutar unguwarmu ta san abin da take yi, har Inna ta mayar da shi ma'ajiyar goro. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne mutum a Ikko, wato Legas, wanda zai tsaya a bakin jirgin ruwa ya fito da kaya, mai jin Turanci, wanda kuma ba sai an sa masa ido ba. A farkon azumin shekarar, bayan an sha ruwa, ya faɗa wa Malam. Ba shawara ya nema ba, sanarwa ya yi.

"Bayan Sallah ka aje aikin nan ka tahi Ikko. Na kama maku gida."

Malam ya ce, "To, Yaya."

Amma na san mijina. Akwai "to" ɗin da yake yi da dukan bakinsa, akwai wanda yake fitowa da ƙyar kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Inna ma ta ji. Washegari ina tsane gero ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke ɗiyar nan, ki lallashi mijinki. Na san Alhaji, halin ubanshi gare shi. In ƙanenshi ya ƙi shi a kan wannan, tukunyar gidan nan ta rabu, kuma ba ta sake haɗuwa."

Ni kuwa ba sai an lallashe ni ba. Ina son zuwa Ikko, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina son gida mai famfo, ina son in ga teku, ina son in daina kallon Malam yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke alhali abokan karatunsa suna wuce shi a mota suna masa ham.

Abin da ya riƙe shi ajin ƙarshe ne. A makarantar da yake koyarwa shi kaɗai ne malamin kemistiri mai jin Hausa. Sauran Indiyawa ne da mutanen Pakistan, masu ilimi da haƙuri, amma Turancinsu da na yaran ba sa haɗuwa a hanya. Yaran kuwa sun taso da hadda tun daga makarantar allo, saboda haka suka yi wa kemistiri abin da suka iya: suka haddace shi tsaf, shafi bayan shafi, ba tare da sun san me yake cewa ba. An kawo wa makarantar kayan gwaji daga ƙasar waje, suna nan a akwatuna, don ɗakin da za a sa su ba a rufa shi ba tukuna. Sai Malam ya mayar da madafina ɗakin gwajinsa. In na nemi kanwa in rasa, in na nemi man gyaɗa in tarar da shi a kofi an zuba masa ruwa ana kallonsa. Kuma duk darasin da zai kai aji sai ya fara gwada shi a kaina, ni da iyakata firamare.

Yakan ce, "In kin gane, sun gane."

In ce, "Wato ni ce ma'aunin daƙiƙanci."

"A'a, ke ce ba ki jin kunyar cewa ba ki gane ba. Su kuwa sai su ɗaga mani kai."

Darasin da ya fi ba shi wahala a shekarar shi ne na yadda abubuwa suke ɗaure da juna. Wata rana da hantsi ina gyaran tsamiyar kunu ya jawo turmi ya kife ya zauna, ya ɗebo gishiri a hannu ɗaya, sukari a ɗaya. Ya ce komai da nake gani an gina shi da wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu atam, kowanne kuma yana da wasu ƙananan abubuwa masu kewaya shi sahu-sahu, su ne ilektaron. Kowane atam so yake sahunsa na waje ya cika, kuma hanya biyu ce. A cikin gishiri akwai sodiyam, wanda ilektaron ɗaya tak ya yi masa saura a waje, da kulorin, wanda ɗaya tak ya rage masa ya cika. Sai sodiyam ya miƙa nasa gaba ɗaya. Da ya bayar sai ya zama mai caji irin na kan batir, wanda ya karɓa ya zama mai caji irin na gindin batir, su biyun kuma dole su jawo juna. Wannan shi ne ɗaurin ayonik. Ya ce kuma ba bibbiyu suke zama ba, kowanne maƙwabta sun kewaye shi ta ko'ina suna jansa, jeri kan jeri kamar tubali a katanga, shi ya sa wutar murhu ba ta narkar da gishiri. A cikin sukari kuwa, da ruwa, da man gyaɗa, babu mai rarar da zai bayar, kowa nema yake. Sai kowanne ya kawo nasa su haɗa a tsakiya su riƙe tare, ya zama na wannan kuma na wancan. Wannan shi ne ɗaurin kobalent. Babu wanda ya rasa, babu wanda ya ƙaru, don haka babu caji. Suna zama ƙulli-ƙulli, cikin ƙullin da ƙarfi, amma tsakanin ƙulli da ƙulli riƙon sako-sako ne, wuta kaɗan ta raba su.

Na ce, "Malam, duk wannan dogon zancen, na farko kyauta ce, na biyu tarayya."

Ya tsaya yana kallona, gishiri yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Daga ranar ya ɗauke maganata ya kai wa ɗalibansa, kuma har ya yi ritaya ban ji ya ce musu a wurin wa ya samo ta ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka.

Azumin ya faɗo a ƙarshen damina, makaranta tana hutu, amma yaran ajin da ke cikin gari suna zuwa zaurenmu bayan azahar. Ana cikin goman ƙarshe Malam ya ba ni aiki. Ya ce in daka gishiri daban, sukari daban, in tankaɗe kowanne da rariyar laushi har ya zama ba mai iya bambanta su da ido ko da yatsa. Ya sa na tara masa ruwan sama a kwano mai tsabta, na hura garwashi a kasko. Shi kuma ya jera batiran rediyo a cikin takarda ya naɗe, ya haɗa da waya da ƙwan tocila da ƙusoshi biyu. Na miƙa kaskon ta bayan ƙofa, na kuma ƙi komawa ciki. Na daka abu da hannuna, ai sai na ga abin da za a yi da shi.

Ba a daɗe da farawa ba sai ga ƙarar Fijo. Alhaji ba ya dawowa gida a wannan lokaci, amma ranar ya zo ya ɗauki Malam ya kai shi su gaisa da mai motocin da za su riƙa ɗauko kaya daga Ikko. Ya yi sallama ya tarar da zaure cike. Yaran suka zube suna gaishe shi, Malam ya miƙe zai sallame su, sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ku ƙarasa. Ina jira."

Ya zauna a kan dakalin cikin zaure, ya fito da carbi.

Malam ya ajiye faranti biyu a tsakiyar tabarma, kowanne da farin gari.

"Ɗaya gishiri, ɗaya sukari. Ku hwaɗa mani wane ne wane."

Wani yaro ya dangwala yatsa ya nufi baki da shi, na kusa da shi ya cafke masa hannu. Zaure ya ɗauki dariya.

Malam ya ce, "Yau harshe ba naku ba ne sai magariba. Ku yi aiki da abin da ke cikin kanku. Mi ne ne ɗaurin ayonik?"

Suka amsa baki ɗaya da Turanci, da irin muryar da ake biya karatu, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ya tambayi kobalent, suka zubo shi haka nan.

"Madalla. To wane ne gishirin?"

Yaran suka hau kallon juna. Daga inda nake ina jin ƙarar carbin Alhaji. Malam bai taimake su ba. Wannan ita ce ɗabi'arsa da na fi sha'awa a aikinsa, ko da yake a gida takan ba ni haushi: in ya yi tambaya yana iya jira har gobe. Can sai wani ɗalibi mai suna Hamisu ya motsa. Ƙato ne, ya girmi 'yan ajin, daga ƙauye ya zo yana zaune wurin kawunsa a Ƙofar Kwaya, kuma ya taɓa maimaita aji. In Malam yana lissafin waɗanda yake jin tsoron za su faɗi, da shi yake farawa.

"Malam, a ɗora su bisa wuta."

"Don mi?"

"Mai kyautar nan ka ce katanga ne, ba shi motsi. Mai tarayya shi ne riƙonshi bai da ƙarhi tsakanin ƙulli da ƙulli."

Malam ya miƙa masa cokula biyu. Hamisu ya ɗebi kowanne ya ɗora a garwashi. Ba a jima ba ɗaya ya narke ya yi ja, ƙanshin alewa ya cika zauren, masu azumi suna haɗiyar yawu. Ɗayan kuwa ya ɗan yi ƙara, ya zauna fari yadda yake. Daga nan Malam ya sa aka jiƙa kowanne a ruwan sama. Aka tsoma ƙusoshin a ruwan sukari, ƙwai bai ce komai ba. Aka tsoma a ruwan gishiri, sai ga ɗan haske ja ya taso a cikin ƙwan. Yaran suka matso har suna taka juna. Ni a zatona an gama ke nan. Sai na ga Hamisu ya zare ƙusoshin ya goge da rigarsa, ya cusa su cikin busasshen gishirin da ke faranti. Ƙwai bai kama ba. Ya ɗaga kai yana kallon Malam kamar an yaudare shi.

"Malam, ai gishirin ne. Cajin na nan ciki. Mi ya hana?"

"Kai za ka hwaɗa mani."

Yaron ya daɗe yana kallon farantin, gumi yana bin wuyansa. Sannan ya yi magana a hankali, kamar mai taka tsani a duhu.

"Suna da cajin, amma suna cikin katanga, ba su iya tahiya. Ruwa ne ke kwance su, kowa ya kama yawo da cajinshi, shi ne suke ɗaukar wutar. Sukari kuwa ko ya narke, ƙulli-ƙulli yake yawo, ba shi da cajin da zai ɗauka."

Wannan ba ya cikin abin da suka haddace, shi ya haɗa abinsa. Na dubi fuskar babanku. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa, na ga fuskarsa ranar da aka kawo ni, na gan ta ranar da aka haifi kowannenku, amma irin hasken da na gani a ranar ban taɓa ganinsa a cikin gida ba. Na ji kishi, na kuma ji alfahari, duka a lokaci ɗaya. A nan na san ba za ni ga teku ba. Da na waiwaya wajen dakali sai na ga carbin Alhaji ya tsaya, shi ma ƙanensa yake kallo.

Da yaran suka watse Malam ya je gaban Alhaji ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Yaya, ka gahwarce ni. Ba ni iya tahiya Ikko. In na bar yaran nan yanzu, babu mai ɗaukarsu."

Alhaji ya dubi farantan da ke kan tabarma, sannan ya dube shi.

"Na gani. Ba wasa kake yi nan ba. Da wasa na tarar, da na ja kunnenka na sa ka mota." Ya mayar da carbinsa aljihu. "Amma tun kana ƙarami ban taɓa neman komi wurinka ba sai wannan."

"Haka ne, Yaya."

"To shi ke nan."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita. Bai ɗaga murya ba, a ranar ko bayanta.

Inna ta yi iya ƙoƙarinta, ta kira wannan ta kira wancan, ta yi kuka, ba abin da ya sauya. Bayan Sallah da 'yan kwanaki Yaya Rabi ta shigo sashenmu ɗauke da tukwane biyu da buhun gero a bayanta, idonta ya kumbura. Ta ce Alhaji ya ce daga yau kowa ya ɗora tasa. Muka zauna a bakin rijiya muka yi kukanmu, sannan ta taya ni kafa murhu. Ni ma na yi fushi da Malam, na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na zauna ba. Bai ba ni haƙuri da dogon zance ba, bai kuma kare kansa ba. Yana idar da sallar asuba zai zauna da littattafansa, ya ɗaure ƙafar wando ya hau kekensa. Fushin nawa ya gaji ya tafi don kansa.

Alhaji ya sami wani ya tura Ikko, kasuwanci ya ci gaba da bunƙasa. Ya gina gida a sabuwar unguwa, kan hanyar makarantar Malam, ya kwashe iyalinsa ya koma. Kada ku ɗauka ya zama mugu. Duk Sallah yana aiko muku da kaya, da Inna ta kwanta ciwo shi ya tsaya a kanta. Duk Juma'a Malam yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa gaisuwar nan tamu mai tsawo har ƙarshenta, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Daga nan sai shiru. Ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba, ba su sake hirar da nakan jiyo su suna yi suna dariya a zaure ba. Mutum biyu masu son juna, kowanne yana ganin ɗayan bai yi laifi ba, kuma abin ya ƙi gyaruwa. Ajin nan kuwa sun yi jarrabawa lafiya, Hamisu ya ci, ya koma ƙauyensu shi ma ya zama malamin makaranta. Wasu azuzuwan suka biyo baya, Malam ya koma babur daga keke, kuma a nan arzikinmu ya tsaya.

Ban taɓa tambayarsa ko ya yi nadama ba sai bayan rasuwar Alhaji. Lokacin ya riga ya yi ritaya. Mun dawo daga addu'ar uku da la'asar, ya zauna a tsakar gida ya cire hula ya ɗora a gwiwa, na kawo masa ruwa bai sha ba. Na zauna kusa da shi na tambaye shi.

Ya ce, "Kullum da sahe. In na zo wucewa ta ƙohwar gidan Yaya sai in rage gudu, in ji kamar in tsaya in ce mashi na fasa, ya tura ni duk inda yake so. Ban taɓa tsayawa ba, don na san in na tsaya ba ni isa aji. In na shiga aji sai in manta, har a tashi."

Na yi shekaru ina haɗa masa karin kumallo, ina ganin fitarsa yana fara'a, ban san da wannan ba. Na ce masa ai akwai wata hanyar da take kai mutum makarantar ba tare da ya bi ta nan ba, ta ma fi kusa, me ya hana shi binta.

Ya juya hular a hannunsa.

"Wata rana nakan tarar da shi zaune a waje. Sai ya ɗaga mani hannu."